Tsanin Jami'a da Ruwan Ƙasarmu

Laccar da aka gabatar a Zandam, ƙaramar hukumar Gwaram, a gaban ɗalibai da iyaye da malaman makaranta



  

Waɗanda suka gayyace ni sun nemi in yi bayani a kan aikin masu binciken muhalli da ruwa da makamashi da yanayi: ta ina ake shiga, yaya ake hawa, me ake samu. Na kuma san abin da ya sa. Yaro in ya ce wa mahaifinsa zai karanta likitanci ko lauya, magana ta ƙare, sai addu'a. Amma in ya ce an ba shi ilimin ƙasa ko kimiyyar muhalli, sai a yi jim, can wani kawu ya ce, "To, in ya gama me zai zama?" Tambayar tana kan hanya, kuma zan amsa ta. Sai dai kafin mu shiga jami'a, mu fara duba ƙasar da muka shimfiɗa tabarmi a kanta, don daga nan aikin yake tasowa.

Jigawa, in ka bi ta ƙarƙashi, kashi biyu ce. Daga wajen Gumel da Haɗeja har Birniwa, abin da ke ƙasa rairayi ne da laka masu kauri da suka taru a kwarin Tafkin Chadi tun zamani mai nisa. Ruwa yana kwance cikin rairayin nan, mai haƙa ya fi dacewa. Mu nan kudu, Gwaram da Birnin Kudu har Dutse, galibi a kan tsohon dutse muke zaune. Duwatsun Birnin Kudu masu tsoffin zane-zane, irin su Habude da Mesa, ɗan abin da ya leƙo waje ne kawai. Irin wannan dutse kuwa ba ya shan ruwa. Ruwan yana maƙalewa ne a inda saman dutsen ya ruɓe, ko inda ya tsage. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a wannan unguwa ta yi ruwa, a matsa gaba kaɗan a haƙa wata a tashi a tutar babu. Ba lallai ɗan kwangila ne ya ci kuɗin ba, ko da yake wani sa'in shi ne. Akwai mutumin da sana'arsa ke nan ya zo da na'ura, ya kakkafa ƙarafa a ƙasa, ya tura lantarki, ya ga yadda ƙasar ke tare wutar ko sakinta, ya ce ga inda tsagar take. Wanda ya koya masa, ya kuma zana taswirar da yake dubawa, shi ne mutumin da muka taru a kansa yau.

To, ga tsanin. Yaro ya fito sakandare da lissafi da fiziks da kemistiri masu kyau, ya yi digirin farko, shekara 4 a kimiyya ko 5 a injiniya da aikin gona, ya yi bautar ƙasa. In sakamakonsa ya yi fice, jami'a tana iya riƙe shi a matakin ƙasa, yana taimaka wa manya yana neman digiri na biyu. Daga nan mataimakin malami, malami mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Matakai 7 ke nan. A yawancin jami'o'inmu sai mutum ya shekara 3 a mataki kafin a duba ƙarin girmansa, kuma ba zai yi nisa ba sai da digirin digirgir. A matakai biyu na ƙarshe, tattara rubuce-rubucensa ake yi a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i, waɗanda bai san ko su wane ne ba, su ce ya isa ko bai isa ba. In ka lissafa, wanda ya shiga yana saurayi zai ci wajen shekara 20 kafin ya hau kujerar, in babu tuntuɓe. Farfesa yana ajiye aiki a shekara 70. Ga amsar kawu ke nan ta fuskar muƙami. Wanda kuma bai zauna a jami'a ba, akwai hukumar hasashen yanayi ta NiMet, da hukumar kula da ruwan koguna ta NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976.

Abin da ba a cika gaya wa ɗalibi ba shi ne da me ake hawa tsanin. Da maƙala ake hawa, wadda aka buga a mujallar ilimi. Kwamitin ƙarin girma ƙirgawa yake yi: nawa ka buga, a ina, sunanka na nawa ne a jeri. Ban ce a daina ƙirga ba, don in babu ita son kai ne zai maye gurbinta. Amma ku dubi abin da take haifarwa a fanninmu. Malami yana da shekara 3, yana buƙatar maƙalu, ga aji mai ɗalibai ɗaruruwa, ga takardun jarrabawa. Sai ya ɗebi ruwan rijiya goma a mako ɗaya, ya kai ɗakin gwaji, ya rubuta shafi shida, ya biya kuɗi a buga masa a ɗaya daga cikin mujallun nan na a-biya-a-buga da suka cika intanet. Baɗi ya koma wani gari ya maimaita. Zai hau, har ya zama farfesa. Amma in mutanen Zandam suka tambaye shi ko ruwan rijiyoyinsu ƙasa yake yi shekara da shekaru, ba shi da ta cewa, domin sau ɗaya ya auna. Masana yanayi na duniya sun yi ittifaƙi cewa sai an haɗa awon shekara 30 kafin a ce ga yanayin wuri. Tsarin ƙarin girma yana tafiya da shekara 3, ilimin kuma yana neman 30. Duk wanda zai shiga aikin nan, wannan ita ce matsalar da zai kwana da ita ya tashi da ita.

Akwai waɗanda suka warware ta, kuma ɗaya daga cikinsu a jiharmu ya yi aikin. Michael Mortimore, Baturen Ingila ne masanin labarin ƙasa. Ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya koyar a Zariya har 1979, sannan ya koma Jami'ar Bayero a matsayin farfesa har 1986. Da aka yi babban farin nan na 1972 zuwa 1974, wanda dattawan da ke nan ba su manta ba, ya je wani ƙauye da ake kira Dagaceri, can wajen Birniwa. Da ya rubuta rahoto ya tafi, da ba mu ambace shi yau ba. Sai ya riƙa komawa ƙauyen nan shekara bayan shekara har fiye da goma, yana rubuta abin da aka shuka, abin da aka girbe, wa ya tafi ci-rani, wa ya sayar da akuya, wa ya dawo. Ya ga farin 1983 da 1984 a kan mutanen da ya riga ya sani. A lokacin, abin da manyan hukumomin duniya ke faɗa shi ne manomin Sahel da makiyayi su ke kashe ƙasarsu da yawan haihuwa da sare itace da kiwo. Littafin da ya fitar a 1989, da aikin da ya yi a ƙauyukan kewayen Kano, sun nuna wani abu daban: a inda mutane suka fi cunkoso, nan aka fi kai taki gona a kan jakai, nan aka fi barin gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar shuka, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Ya rasu a 2017. Har yau duk mai rubutu a kan fari a Afirka ta Yamma sai ya bi ta kan aikinsa, ko ya yarda da shi ko ya yi masa gardama. Abin da ya ba shi wannan matsayi littafin awo ne na ƙauye ɗaya, a jihar da muke ciki.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, don a kan ruwan da ke wucewa ta ƙasarmu ne. Kogin Bunga yana tasowa daga tsaunukan wajen Jos, ya ratso ƙasar Ningi da ta Gwaram, ya zama Kogin Jama'are, ya je ya haɗu da na Haɗeja a fadamun Nguru da Gashuwa. Reshen Haɗeja an riga an ɗaure shi: madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Farfesa Emmanuel Olofin na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana bin abin da Tiga ta yi wa Kogin Kano a ƙasa da madatsar, yadda gadon kogin ya sauya, yadda fadamu suka daina samun malalen da suka saba. Namu reshen kuwa har yanzu babu babbar madatsa a kansa. An fara ta Kafin Zaki a ƙasar Ningi a zamanin Shagari, aka tsaya, aka sake tayarwa, aka sake tsayawa, mutanen Yobe da Borno suna cewa in an tare, su sun shiga uku.

A tsakiyar wannan jayayya masu bincike suka shigo. An kafa shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, kuma cikin waɗanda suka jagorance shi akwai Dakta Muhtari Aminu-Kano, wanda daga baya ya shugabanci gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya. Shi da Ted Hollis da William Adams suka fitar da littafi a kan fadamun a 1993. A farkon shekarun 1990 ɗin ne kuma Edward Barbier da abokan aikinsa suka zauna suka yi wani lissafi: in ka bar ruwa ya malala fadama, nawa yake samarwa a shinkafa da kifi da itacen girki, in kuma ka tare shi ka ba gonakin noman rani na Kadawa, nawa yake samarwa? Suka tarar cewa a kan kowane ma'aunin ruwa, amfanin fadama ya ninka na gonakin gwamnati nesa ba kusa ba. Manomin da ke cin moriyar gonakin Kadawa yana da ta cewa a kan wannan lissafi, kuma ya kamata a saurare shi. Amma tun daga lokacin, ba wanda zai sake tashi a taro ya ce ruwan da ya wuce zuwa Nguru asara ce ba tare da an buɗe masa takarda ba. Ga tambayata gare ku: ranar da aka sake ɗauko zancen Kafin Zaki, kuma za a ɗauko, wa zai tashi da alƙaluma ya faɗi abin da zai samu fadamun Gwaram, da masu noman rani a bakin kogi, da rijiyoyin da kogin ke ciyarwa ta ƙarƙashi? Bauci za ta zo da masananta, Yobe za ta zo da nata. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye manyan 'yan siyasa da 'yan kasuwa, har da Aliko Ɗangote. Ina so wannan yanki ya yaye wanda zai zauna a wancan teburin.

Ta fuskar yanayi ma haka abin yake. A 1975 wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙarewar ciyayi ce ke korar ruwan sama a Sahel, aka daɗe ana ɗora wa makiyayi laifi da wannan. Sai binciken 1986, da wani na 2003 da Alessandra Giannini ta jagoranta, suka nuna cewa babban abin da ke juya damunarmu shi ne zafin ruwan tekuna, dubban kilomitoci daga nan. A 2017 kuma Christopher Taylor da abokansa suka duba hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, suka ga manyan haduran nan masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel. Mu ba sai an karanta mana ba. A watan Agustan 2021 ruwa ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wata tawagar masana ta ƙasa da ƙasa ta lissafa cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin ruwan shekarar a yankin Tafkin Chadi wajen sau 80. Amma da tawagar ta juya ga rikicewar damunar 2021 a tsakiyar Sahel, sai ta ce ba za ta iya yanke hukunci ba, saboda tashoshin awon ruwan sama a ƙasa sun yi ƙaranci. Mutanen da ke da manyan kwamfutoci da taurarin ɗan'adam, abin da ya tsayar da su rashin mutum ne da zai fita da safe ya duba gwangwanin awon ruwan sama ya rubuta. Injiniyan da zai gina gada irin ta Radabi ma wannan lambar yake nema, don ya san faɗin da zai bar wa ruwa.

A nan ɗan Zandam ya fi ɗan Landan. Shi sai ya nemi biza da kuɗin jirgi da tafinta ya zo ya yi mako biyu. Kai kana nan damina da rani, ka san sunan kowace fadama, dattijo zai gaya maka inda ruwa ya kai a shekarar da aka haife ka. Sai dai ku yi hattara da abu ɗaya. Za a zo neman haɗin gwiwa da ku daga waje, kuma alheri ne, amma a yi maganar suna tun kafin a fara. An sha ganin ɗan ƙasa ya sha rana ya tara bayanai, maƙala ta fito da sunayen baƙi, shi kuma a gode masa a layin ƙarshe. Kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirga godiya.

Makamashi ba zan daɗe a kansa ba, don rana ba ta buƙatar mai gabatarwa a Gwaram. Mutum biyu kawai zan ambata. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa ta jihar Maraɗi a 1929, ya yi karatun fiziks a Faransa, ya dawo ya riƙe ofishin makamashin hasken rana na Nijar daga 1969, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da murhun rana a Yamai tun ana ganin abin wasa ne. Ya shugabanci jami'ar Yamai, ya rasu a 1991, yau jami'ar sunansa take amsawa. Na biyu Farfesa Abubakar Sani Sambo: digirin injiniya a Zariya a 1979, digirin digirgir a Sussex ta Ingila, ya riƙe Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, ya shugabanci Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci daga 1995 zuwa 2004, sannan Hukumar Makamashi ta Ƙasa daga 2005. Yanzu da famfon ban-ruwa mai aiki da rana ya fara shiga fadamunmu, sabuwar tambaya ta taso wadda ta haɗa fannonin biyu: injin da ba ya shan fetur ba mai kashe shi don tsimi, to nawa za a zuƙa kafin ruwan ƙasa ya fara gudu? Ga digirin digirgir nan a ajiye, yana jiran mai ɗauka.

'Yan'uwana mata, akwai rabin wannan ilimi da namiji ba zai iya tattarawa ba a ƙasarmu. Itace nawa gida ke ƙonawa a mako, hayaƙi nawa mai girki ke shaƙa, jarka nawa ake sha, wa ke ɗebowa, daga ina: waɗannan a cikin gida suke, mu kuwa iyakarmu zaure. Iyaye, in 'yarku ta ce wannan fanni take so, kada a ce mata na maza ne.

Maganar aljihu kuma, kada in yaudare ku. Albashin malamin jami'a ba ya sa mutum ya yi arziki, faɗuwar darajar naira kuma ta ƙara rage masa auki. An rufe jami'o'in tarayya wajen wata 9 a 2020 saboda yajin aiki, aka sake wata 8 a 2022. Ga mai binciken da aikinsa ya rataya a kan damina, in ta wuce shi, shekara ce ta tafi. Wasu abokanmu sun tafi Turai da ƙasashen Larabawa, ban kuma ga laifinsu ba. Amma ƙofofi sun fi na zamaninmu yawa. Da sai Kano ko Zariya. Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga ta Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, Bauci ma ba nisa. Asusun TETFund yana biya wa malaman manyan makarantun gwamnati karatun digiri na biyu da na uku. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa tun 2012, Kaduna tana da cibiyar horo kan albarkatun ruwa, shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi yana ɗaukar ɗalibai a Minna da Akure da Yamai. Wanda ya iya, ya koyi Faransanci, don cibiyar AGRHYMET da ke tattara bayanan ruwa da noma na Sahel tun 1974 a Yamai take, kuma hadarin da ke zubar mana da ruwa bai san iyakar Maigatari ba.

Shawarata ga wanda zai shiga ita ce ya riƙe abu biyu a lokaci guda. Ya rubuta gajerun maƙalun da tsani ke nema, masu tsabta, a mujallun da ake tantancewa da gaske. A gefe kuma ya zaɓi wuri ɗaya da tambaya ɗaya, rijiyoyin gari ɗaya ko gaɓar kogi ɗaya, ya riƙa aunawa ko da kuɗin bincike ko babu. A shekarun farko ba wanda zai kula. In awon ya kai shekara 10, maƙalun da kansu za su fara fitowa daga cikinsa, kuma masu neman haɗin gwiwa su za su zo ƙofarsa.

Wannan kuwa ba sai an jira digiri ba. Ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada. A kafa shi a filin makaranta, nesa da bishiya da rufin aji, a daidaita bakinsa kada ya karkace. A duba shi kowace safiya a lokaci ɗaya, a rubuta milimita nawa, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, kada a bar gurbin fayau, don gurbi yana nufin ba a duba ba. Domin ku san nauyin abin da kuke rubutawa: milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ce, wato duro 50. A sami rijiya biyu ko uku a gari, a riƙa zura igiya mai alama ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ja. Littafin ya zama biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a gidan mai gari, saboda gara da canjin wurin aiki. Abin da nake roƙon shugaban makaranta da iyayen ƙasa su yanke kafin mu tashi shi ne wa zai riƙe awon a watan Agusta, lokacin da makaranta ke hutu, ruwa kuma ya fi zuba.